Ɗan Yayana da Ninjojin Cikin Waya

TAMBAYA

Malam, wata damuwa ce ta sa na rubuto maka. Ni malamar firamare ce a Zariya. Shekara 4 ke nan da rasuwar yayana, kuma tun da mahaifiyar yaron ta yi wani auren, ɗansa yake hannuna. Yanzu shekararsa 14. Yaro ne mai sanyin hali, ba ya yawo, ba ya rashin kunya. Bara na ba shi tsohuwar wayata saboda aikin makaranta, sai ya sauke wani gem na katun ɗin Japan, wai ninja, cikinsu har da wani mai gashi ruwan ɗorawa da yake kira Naruto. Tun daga nan ba shi da zance sai nasu: yau yana horar da wannan, gobe yana ƙara wa wancan tauraro, jibi zai yi "samon". Sai in farka cikin dare in hango hasken waya a ƙarƙashin mayafinsa.

Makon jiya alat uku suka shigo mini a jere, jimla naira 18,500. Ashe katina ne da na taɓa sawa a wayar na manta ban cire ba. Da na tsare shi sai ya fashe da kuka. Ya ce wani ninja guda yake nema, ya zaci zai fito a karon farko, har kuɗin suka ƙare bai fito ba. Maƙwabciyata ta ce abin tsafi ne, don ta ga suna harɗe yatsu suna kiran dodanni. Maigidana ya ce in fasa wayar kowa ya huta. Ni kuwa ina tsoron in yi abin da zai sa yaron ya ce da ubansa yana raye ba za a yi masa haka ba. Malam, mene ne wannan abu? Tsafi ne ko caca? In raba shi da shi gaba ɗaya, ko yaya zan yi?

Gwaggon maraya, Zariya

AMSA

Malama, Allah ya jiƙan yayanki, ya ba ki ladan wannan riƙo. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma a karo na biyu inda na tsaya shi ne kan sunan da kika ambata. Ki ba ni dama in fara da wannan Naruto, domin idan kin san ko wane ne shi, za ki fahimci abin da ɗanki yake gani a wayar nan wanda ke ba ki gani.

Naruto labari ne na zane da wani ɗan Japan mai suna Masashi Kishimoto ya riƙa fitarwa mako-mako a mujallar Weekly Shonen Jump daga 1999 zuwa 2014, babi 700, waɗanda aka tara a littafi 72. Daga 2002 aka mayar da shi katun na talabijin, kashi 220, sannan ci gabansa mai suna Shippuden ya biyo baya daga 2007 zuwa 2017, kashi 500. Tauraron labarin maraya ne. Uwarsa da ubansa sun mutu a ranar da aka haife shi, lokacin da wata gawurtacciyar dabba mai kama da dila, mai wutsiya tara, ta auka wa garinsu. Don a ceci gari aka kulle dabbar a cikin jikin jaririn. Ya taso mutanen gari suna gudunsa, iyaye suna janye 'ya'yansu idan ya tunkaro, shi kuwa bai san laifinsa ba. Shi kaɗai yake kwana, shi yake dafa wa kansa taliya. A makaranta shi ne na ƙarshe, har sau uku yana faɗuwa jarrabawar fita. Mutum na farko da ya dube shi a matsayin yaro, ya zaunar da shi, ya saya masa abinci, malamin ajinsu ne mai suna Iruka, wanda shi ma dabbar nan ce ta kashe masa iyaye. Daga nan labarin ya miƙe: yaron da kowa ya raina ya yi ta fama, ya yi ta faɗuwa yana tashi, har ya zama shugaban garin.

Yaro ɗan shekara 14 wanda ya rasa uba yana ɗan 10, uwarsa kuma tana wani gida, ba sai an yi dogon bincike ba kafin a gane dalilin da ya sa wannan labari ya kama shi. Miliyoyin yara masu iyaye ma ya kama su, balle shi. Shi ya sa tun yanzu nake roƙon maigida ya yi haƙuri da maganar fasa waya. A wurin yaron, abin da za a fasa ya wuce gilashi da roba.

Ninja kuwa an yi su da gaske. A Japan ana ce musu shinobi, kuma sun fi tashe a ƙarni na 15 da na 16, zamanin da sarakunan yaƙin ƙasar suke ta gwabzawa da juna. Yankuna biyu suka yi suna da su, Iga da Koga. Aikinsu leƙen asiri ne, da shiga sansanin abokan gaba a ɓoye, da tayar da gobara, da ɓad da kama cikin shigar manoma ko fatake. A 1581 Oda Nobunaga ya kai wa Iga farmaki ya murƙushe ta. A 1676 aka tattara dabarunsu a wani littafi mai suna Bansenshukai. Ba su feso wuta ta baki ba, ba su tashi sama ba. Wannan duk ƙarin gishirin masu labari ne, kamar yadda mu ma muke da jarumai na gaske da bakin maroƙa ya mayar da su masu ɓacewa.

Sai maganar maƙwabciyarki. Ba zan ce ta yi ƙarya ba, domin ta ga abin da ta gani. Harɗe yatsun da suke yi kafin su yi wata bajinta alamomi ne guda 12 da aka raɗa wa sunayen dabbobin kalandar Sin, irin su ɓera da damisa da zomo da maciji, kuma asalin harɗe yatsu irin wannan yana da alaƙa da ibadar wasu mabiya addinin Buddha. Kalmar "chakra" da suke kiran ƙarfin jikinsu da ita daga Indiya ta fito. Wasu daga cikin manyan dabarun faɗan da ke labarin, Amaterasu da Tsukuyomi da Susanoo, sunayen abubuwan bauta ne na addinin Shinto na Japan. Kiran dodannin kuma, ƙaton kwaɗo da ƙaton maciji, Kishimoto ya aro shi ne daga wata tsohuwar hikayar ƙasarsu ta ƙarni na 19, tare da sunayen Jiraiya da Tsunade da Orochimaru. Marubucin ya ɗebo daga rumbun gargajiyar mutanensa, yadda marubucinmu zai ɗebo Gizo da Ƙoƙi da dodon ruwa.

To amma a ganina, yaron da yake danna gilashin waya don wani zane ya jefa wuta ba tsafi yake yi ba. Bai yanka wa kowa kaza ba, bai roƙi kowa ba, bai yarda cewa Susanoo yana jinsa ba. Mun shafe shekaru muna kallon finafinan Indiya, da ɗakunan bautarsu da gumakansu, kuma abin da ya kare mu shi ne tarbiyyar gida da ta Islamiyya wadda ta sa muka san wannan nasu ne. Haka za ki yi masa. Ki gaya masa asalin sunayen nan yadda na gaya miki, ki tambaye shi ko ya sani. Yawanci yara ba su sani ba, kuma suna jin daɗi idan babba ya zo musu da wani ilimi a kan abin da suke ƙauna. Yaron da ya san tauhidinsa kuma ya san tushen abin da yake kallo ya fi wanda aka hana kallo ba tare da bayani ba tsira, domin na biyun zai je ya kalla a wayar abokinsa.

Inda damuwata take shi ne ɗaya kalmar da kika kawo, wato "samon". Kalmar Turanci ce mai nufin kira, kuma a cikin gem ɗin ba kiran dodo take nufi ba. Sunan da aka ba wa wurin da kuɗinki suka tafi ke nan.

Ba ki faɗi sunan gem ɗin ba, kuma suna da yawa. Akwai waɗanda kamfanin Bandai Namco ya fitar da izinin masu labarin, kamar Ultimate Ninja Blazing na 2016 da Ninja Voltage na 2017. Akwai kuma tarin na kwaikwayo da suke satar kamannin jaruman su sauya musu suna. Amma kusan dukkansu gini ɗaya ne. Kyauta ake sauke su. Ana ba ka ninja biyu ko uku marasa ƙarfi, ka haɗa tawaga, ka shiga faɗa, ka ci, a ba ka lada, ka ciyar da ladan a kan ninjojinka su ƙara mataki. Kowane ninja yana da ɗabi'arsa: wannan yana kayar da wancan, wancan yana kayar da na uku, na ukun ya dawo ya kayar da na farko. Sai ka yi tunanin wa za ka sa a gaba, wa zai tsaya a baya yana warkar da 'yan'uwansa, yaushe za ka ɓoye babbar dabararka har sai babban abokin gaba ya fito. Wannan ɓangaren yana da daɗi na gaske, kuma akwai aikin ƙwaƙwalwa a ciki irin na mai buga dara. Na buga irinsa, na san daɗinsa, ba zan kushe shi don in faranta wa manya ba.

To ta ina kamfani yake cin riba a abin da ya bayar kyauta? Ta hanyar da ake samun sababbin ninjoji. Ba a sayar maka da wanda kake so kai tsaye. Ana sayar maka da damar jan ƙuri'a. Ka biya, allo ya yi walƙiya, kiɗa ya tashi, takarda ta warware, sai wani ninja ya fito, wanda na'ura ta zaɓa. Japanawa suna kiran wannan tsari gacha, daga sunan wasu injina da ke shagunansu, waɗanda yaro yake jefa kwabo ya murɗa, ƙwallon roba ya faɗo da ɗan abin wasa a ciki, bai san wanne ba sai ya buɗe. Canki-canka ce, illa dai wannan tana cikin aljihun yaro dare da rana.

Bari mu yi lissafi, tunda ke malama ce. A ce ninjan da ɗanki yake nema damar fitowarsa kashi 1 ce cikin 100 a kowane ja. Hankalin yaro, da na manya da yawa, zai ce idan na ja sau 100 dole ya fito. Ba haka ba ne. Kowane ja sabo ne, bai san an yi na baya ba. Idan yara 100 suka ja sau ɗari-ɗari, kusan 37 daga cikinsu za su tashi hannu rabbana. Ko sun ninka, sun ja sau 200 kowannensu, kusan 13 ba za su gan shi ba. Da ɗanki ya ce miki ya zaci zai fito a karon farko, gaskiyarsa ya faɗa. Da bai fito ba, zuciyarsa ta ce masa ai ka riga ka kashe dubu shida, in ka tsaya yanzu sun tafi a banza, ƙara ɗaya. Wannan muryar ce ta kawo alat na biyu da na uku. Duk wanda ya taɓa zama kusa da ɗan caca ya san ta.

Kuma ba bisa kuskure aka gina abin haka ba. Tun wajen shekarun 1950 wani masanin halayya ɗan Amurka, B. F. Skinner, ya gwada tattabaru a cikin akwati. Ya gano cewa tattabarar da ake ba hatsi a lokacin da ba ta iya hasashe, wani sa'in bayan sara biyu, wani sa'in bayan talatin, ta fi nacewa a kan sara fiye da wadda ake ba a kan ƙa'ida, kuma ta fi daɗewa tana yi ko bayan an daina ba ta. Rashin sanin yaushe shi ne ƙugiyar. A kan wannan aka ɗora sauran dabaru. Ba naira ake nuna wa yaro ba, lu'ulu'u ne ko wasu duwatsu masu sheƙi, don kada ya ji zafin fitar kuɗi. A makon farko ana yi masa ruwansu kyauta har ya saba da ja, daga baya famfon ya ƙafe. Ana fito da sabon ninja a ce kwana bakwai kawai zai yi, agogo yana ƙirgawa a gefen allo. Idan ma ya same shi, wani lokaci sai an sake samun irinsa sau da yawa kafin ƙarfinsa ya cika. Akwai kyautar shiga kullum da take katsewa idan ka tsallake rana. Akwai ƙarfin buga wasa da yake ƙarewa ya riƙa dawowa a hankali, har yaro ya ji asara ce ya yi barci alhali ma'aunin ya cika. Hasken da kike gani a ƙarƙashin mayafi daga nan yake. Ni kaina akwai lokacin da na farka da asuba na ga hannuna ya riga ya kai ga waya kafin ya kai ga buta, kuma ranar na goge gem ɗin da nake bugawa. Ina da gemu a lokacin. Ki auna yaro.

Abin da ya fi ɓata mini rai a wannan tsari shi ne yadda ya juya wa labarin da ya hau kansa baya. Ki tambayi ɗanki wane ne Rock Lee. Yaro ne a labarin da aka haifa ba shi da baiwar da sauran suke da ita, ba ya iya ko ɗaya daga cikin siddabarun ninja, sai ya duƙufa kan motsa jiki, gudu da naushi da shuri, dare da rana, har ya tsaya gaban waɗanda aka haifa da baiwa. Yara suna ƙaunarsa saboda wannan. Labarin yana gaya musu cewa naci yana kai mutum inda gado bai kai shi ba. Gem ɗin kuma yana amfani da kalmar horo, amma a wani mataki duk horon da za ka yi ba zai kai ka ko'ina ba, wanda ya fi ka zuba kuɗi shi zai doke ka. An ɗauki soyayyar da yaro yake yi wa jarumin da ya yi wahala, an sa mata farashi.

Shin caca ce? Hukumomin duniya sun sha bamban. Japan, inda abin ya samo asali, ta haramta wani nau'insa a 2012, wanda sai ka tara jerin kaya ta hanyar ƙuri'a kafin a ba ka babbar kyauta, bayan koke-koke kan yaran da suke kashe maƙudan kuɗi. Sin ta wajabta wa kamfanoni bayyana yawan damar cin kowane abu tun 2017, sannan a 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasannin intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu. Beljiyam ta ce a 2018 irin waɗannan akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi caca ce a dokarta, har wasu kamfanoni suka janye wasanninsu daga ƙasar. Birtaniya kuwa ba ta sa su a dokar caca ba, hujjarta ita ce abin da aka ci ba a mayar da shi kuɗi. Apple tun ƙarshen 2017, da Google tun 2019, sun sa doka cewa duk gem mai irin wannan ƙuri'a ya nuna alƙaluman damar ci kafin a saya. Saboda haka a gem ɗin ɗanki, idan daga rumbun Google aka sauke shi, akwai wani ɗan maɓalli a shafin samon da yake nuna wannan adadi. Ku nemo shi tare, ku yi lissafin da na yi a sama da ainihin lambar. Ina ganin wannan darasi zai shige shi fiye da bulala goma.

A namu ɓangaren, fatawa ta malamai ce, kuma ina ba ki shawara ki kai wa malamin da kika yarda da shi, ki yi masa bayanin yadda tsarin yake dalla-dalla, don kada ya yi hukunci a kan zane alhali matsalar tana cikin ciniki. Amma duk wanda ya zauna a zaure ya yi Risala ya wuce ta babin ciniki inda aka hana sayar da kifin da yake cikin ruwa, saboda mai saye bai san abin da zai samu ba. Kuma an san matsayin caca a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da 91. Ni dai a fahimtata, ba da kuɗi tabbatattu don abin da na'ura za ta zaɓa maka, mai yiwuwa wanda kake so, mai yiwuwa tarkace, ya yi kama da abin da aka hana ƙwarai, kuma ba zan bar ɗana ya sa ko sisi a ciki ba.

Akwai kuma abin da ɗanki bai sani ba. Ninjojin da yake tarawa ba a wayarsa suke ba, suna kan kwamfutocin kamfani ne, shi aron kallo aka ba shi. Ultimate Ninja Blazing da na ambata ya yi tashe a duniya, mutane sun shekara huɗu da ɗoriya suna tara jarumai a cikinsa, wasu da kuɗi masu yawa. A watan Fabrairun 2021 aka rufe shi, kuma duk abin da kowa ya tara ya tafi tare da shi. Wannan ita ce makomar kowane gem irin wannan idan ribarsa ta ja baya. Ko da ninjan nan ya fito masa a lokacin, ranar rabuwarsu tana nan tafe.

Kada kuma ki yi saurin cewa yaron ya kamu da cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 cewa akwai larurar jarabar wasannin gem, amma ta gindaya sharuɗɗa: mutum ya kasa riƙe kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da cutarwar da yake gani, kuma yawanci a shekara ana haka. Ki duba sallarsa, sakamakon makarantarsa, cin abincinsa, da ko har yanzu yana fita ƙwallo da abokai. Idan waɗannan suna nan daram, abin da ke gabanki yaro ne da ya faɗa tarkon da aka ɗana wa manya. Idan kuwa kin ga duk sun zube, kuma watanni suna tafiya, to a kai shi ga likita, babu abin kunya a ciki.

Abin yi na farko yau ne, kafin ki kwanta: ki cire katinki daga asusun Google na wayar, ki kunna saitin da yake neman lambar sirri a kowane saye, kuma lambar ta zama ke kaɗai kika sani. Ki shiga tarihin sayayya ki nemi a mayar miki da kuɗin, ki nuna yaro ne ya saya ba da izini ba. An fi dacewa idan an nema cikin awa 48, naki ya wuce haka, amma nema ba ya cin komai. Akwai manhajar Family Link ta Google, kyauta ce, tana ba ki damar ƙayyade masa awanni daga taki wayar, ta kuma kulle tasa idan lokacin barci ya yi. Ko babu ita, waya ta riƙa kwana a ɗakinki. Ki kuma ja masa kunne kan abu guda da na tabbata wani abokinsa zai kawo masa da zarar kuɗi sun yanke: gem ɗin da aka yi wa kutse, wai mai lu'ulu'u marasa ƙarewa, wanda ake saukewa daga wasu shafuka. Ta irin wannan ƙofa ɓarayin bayanai suke shiga waya. Haka duk wanda zai ce masa a cikin hirar gem ya turo lambar sirri a cika masa asusu.

Idan hali ya yi, akwai wasannin da ake saya sau ɗaya a gama. A 2024 an fitar da Ultimate Ninja Storm a waya, wanda yake bin labarin Naruto tun daga farko, kuma biya ɗaya ake yi. Irin wannan yana da ƙarshe, yaro ya buga ya gama ya ajiye.

Sauran maganar kuɗin. Kada tausayin maraici ya sa ki share ta. Ya taɓa abin da ba nasa ba, ya san ba nasa ba ne, shi ya sa ya yi kuka. Ki kira abin da sunansa, ke da shi, a ɗaki, ba a tsakar gida ba, ba gaban 'ya'yanki ba. Ku yanke yadda zai biya, ko daga kuɗin tara kaɗan-kaɗan, ko da wani aiki da za ku yi wa farashi, ku rubuta a takarda, duk abin da ya biya a soke. Ranar da ya cika a yaga takardar, kuma kada wani a gidan ya sake tayar da zancen. Ki roƙi maigida musamman a kan wannan. Maraya yana jure hukunci, abin da yake ajiyewa a zuciya har girma shi ne gori. Kin ji tsoron kada ya ce da ubansa yana raye ba za a yi masa haka ba. Da yayanki yana raye, ina kyautata zaton shi ma sai ya sa shi ya biya.

Game da gem ɗin kansa, ni ba zan goge shi a ranar farko ba. Zan ce masa ga sharaɗi: babu kuɗi ko kwabo, ga awannin da aka ware, bayan aikin gida da Islamiyya. Mutane da yawa suna buga irin waɗannan wasanni ba tare da sun biya komai ba, suna tara lu'ulu'un kyauta da haƙuri. Idan ya iya, ya koyi riƙe kai a wurin da aka shirya don a karya shi. Idan ya karya sharaɗin, a goge, kuma ya san tun farko haka za a yi.

Bayan an yi wannan duka, ki sami wani dare bayan isha'i da ba ki gaji ba, ki ce ya kawo wayar ya nuna miki tawagarsa. Ki bar shi ya yi ta zuba, ko ba ki gane rabin abin da yake faɗa ba. Ki tambaye shi wane ninja ne yake nema lokacin da kuɗin suka tafi, kuma me ya sa shi. Sannan ki tambaye shi labarin Malam Iruka, ki yi shiru ki ji yadda zai ba ki shi. Ina so ki sake rubuto mini abin da ya ce.